Yaranmu masu buƙata ta musamman a Bande: kayan ya yi wa uwa ita kaɗai nauyi

 Yau wata magana muka ɗauko wadda kowa ya san da ita amma ba a cika kawo ta a fada ko a taron gari ba.

In kun lura, kusan kowace unguwa akwai wata mata da ba a cika ganinta wajen suna ko biki ba. In ma ta zo, a tsaye take gaisuwa, ta aje ɗan abin da ta kawo, ta juya. Sai ka ji ana cewa wance ba ta da zumunci. Alhali ta baro yaro ne ɗan shekara bakwai ko takwas kwance bisa tabarma, ba ya zama da kansa, ba ya cin abinci sai an ba shi a baki, kuma in ta daɗe ba wanda zai juya shi. Wata kuma ɗiyarta ce ke faɗuwa, tana tsoron kada ciwon ya taso mata kusa da murhu ko bakin rijiya. Wata ɗanta ba ya ji, in ya fita hanya ko mota ta yi oda ba ruwansa. Waɗannan matan ba su zuwa kasuwa yadda suke so, ba su zuwa gona sai da goyon da ya wuce shekarun goyo, wasu har asusun mata sun fita saboda ba su samun zuwa zubi. Mu kuwa da muke maƙwabtansu, iyakarmu mu ce Allah ya ba da lada, mu wuce.

Daga ina waɗannan yara suke fitowa? Ba daga wani wuri ba, daga cikin ciwukan da muka saba da su ne. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da lissafin mutum 559 da aka ɗauka a matsayin masu sankarau a jihar Damagaram, 18 daga ciki suka rasu. Fiye da rabin masu ciwon a ɓangaren Dungas suke, Magarya ma ba ta tsira ba, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. An ƙirga waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. An yi allurar riga-kafi, ciwo ya lafa, motoci suka koma. To, ita dai wannan hukumar ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan sankarau, ɗaya yakan tashi da tabo na dindindin: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin hannu da ƙafa, ko wahalar gane karatu. Ko da an rage lissafin yadda aka ga dama, gommai ne na yara suka koma gida a wannan rani ɗaya ba yadda suka fito ba. Yaro ya tafi likita yana magana, ya dawo ana kiransa ba ya waiwayowa, sai a ce ya zama mai taurin kai, a yi ta dukansa. Wa ya bi sawunsu ƙauye-ƙauye ya duba kunnuwansu?

Haka zazzaɓin damina. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a Magarya, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɓangaren yara tsakanin Agusta da Oktoba ya ga ɗaruruwan yara kwance lokaci guda. Rayukan da aka ceto a can Allah kaɗai ya san yawansu, ba mai musun wannan. Amma zazzaɓin da ya hau kai har yaro ya yi ta jijjiga ya suma, wani lokaci yakan bar ɓarna a ƙwaƙwalwa. Aikin likita ya ƙare ranar sallama. Daga ranar kuma aikin uwa ya fara, ba wanda ya koya mata. Ga doguwar naƙuda a gida wadda jariri ke fitowa bai yi kuka ba, ga shawara da ke sa idon jariri ya yi ɗorawa a kwanakin farko a ƙi kai shi likita sai an yi suna. Duk hanyoyi ne da yaro ke zama abin da wasu ke kira galahanga.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin ɗari na ƴan Nijar na da wata naƙasa. Ita kuma ƙaramar hukumar Bande tun a lokacin ta wuce mutum dubu ɗari. Ku yi lissafin da kanku: dubbai ne, kuma a ƙasar da rabin jama'arta yara ne. Mu ba mu taɓa jin an tashi a taron kasafin kuɗin kwamin an ce ga adadin yaran da ba su tafiya, ga na waɗanda ba su ji, ga ƙauyukansu ba. Mun san adadin rijiyoyin burtsatse, mun san buhunan takin da aka raba, mun san shanun da aka yi wa allura.

Dalili ɗaya da ya sa ba a san su ba shi ne mu da kanmu muke ɓoye su. A nan fa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Har yanzu akwai gidan da in yaro ya kai shekara uku wuyansa bai tsaya ba, sai wata tsohuwa ta rage murya ta ce wannan ɗan ruwa ne, ba mutum ba ne. Har yanzu akwai mai cewa uwar ce ta fita da tsakar rana ko da almuru tana da ciki, ta tsallake abin da bai kamata ba. Kullum dai laifin wajen uwa yake sauka. Kishiya ta samu abin gori, dangin miji su fara zancen a ƙaro wata, wani mijin ma ya sallame ta ta koma gidansu da yaron, kamar ita kaɗai ta haife shi. Ana cikin haka kuɗi na zuba wajen masu hayaƙi da masu cire iska: akuya ta tafi, damin hatsi ya tafi, ɗan zinarin aure ya tafi. Ba mu ce a bar addu'a ba, wane mu. Addu'a da rubutu ba su hana a kai yaro likita. Abin da muke ƙi shi ne mai karɓar akuyar marainiya yana ce mata kada ta kuskura ta haɗa da maganin asibiti.

Farfaɗiya ita ce ta fi ba mu takaici, domin ita ce aka fi iya yi wa magani da ɗan kuɗi kaɗan. Ba a ɗaukar ta ta miyau, ba a ɗaukar ta ta kwanon abinci, ba a ɗaukar ta in an taɓa mai ita. Amma yarinya za ta faɗi a tsakar gida kowa ya watse, ta ƙone a wuta ana kallo. Tabon ƙunar da kuke gani a hannun yaran nan, yatsu sun manne, yawanci daga nan ne. In ciwon ya taso, a janye yaro daga wuta da ruwa, a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe in jijjigar ta lafa. Kada a tura masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja. Akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa, ana sha kullum ba fashi, kuma OMS ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Matsalarmu ita ce a sha wata ɗaya, a ga sauƙi, a bari, ciwo ya dawo da ƙarfi, a ce maganin bature bai yi ba.

Wani zai ce to ina gwamnati? Takardu kam akwai su. Tun 1993 Nijar ke da dokar kare naƙasassu, wadda ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun da ke da mutum 20 ko fiye. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. A Disamba 2019 aka sake yin wata sabuwar doka. Akwai ranar 31 ga Yuli ta ƙasa, akwai 3 ga Disamba ta duniya, akwai tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu, FNPH. Duk wannan yana da kyau, kuma masu fafutukar da suka kawo shi sun cancanci yabo. Sai dai gurbin aiki na wanda ya yi lakwal ne, mu kuwa muna maganar yaron da ko takardar haihuwa ba a yi masa ba saboda an ɗauka ba zai yi rai ba. Kyautar magani ga yara da aka fara tun 2006 kuma a shekara biyar take tsayawa, daidai lokacin da yaron ya yi nauyin da uwa ba ta iya goya shi zuwa bakin hanya.

Wuraren taimako ma akwai, sai dai nisa. A birnin Damagaram akwai makarantar kurame. A babban asibitin ƙasa na can akwai ɓangaren gashin ƙashi da haɗa ƙafar roba da takalman gyaran ƙafa. Ƙungiyar Sentinelles tun 1992 take da gida a Damagaram inda ake kula da yaran da ciwon nan mai cin kumatu da leɓe ya kama, wanda likitoci ke kira noma. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, suna aikin ƙafar da aka haifa a murɗe, da tsagaggen leɓe, da ƙunar da ta manne gaɓa. Masu ɗan hali kuma sukan tsallaka su nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ita ƙafar da ke murɗewa ciki tun haihuwa, in an fara ɗaura ta a makonnin farko, ana sauya ɗaurin mako-mako, cikin wata biyu sai ta miƙe, sannan a bi da ɗan takalmi na musamman. In aka bari sai yaro ya girma, sai dai fiɗa. Iyaye nawa a ƙauyukanmu suka san haka ranar da ungozoma ta miƙa musu jariri?

Kuma sanin ma bai isa ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Ko Damagaram ɗin da ke kusa, sai an hau amalanke ko kabu-kabu zuwa bakin kwalta, a biya mota mutum biyu, a ci abinci, a kwana, a dawo, bayan mako a sake komawa. Mace nawa ce za ta samu jika biyar ko goma a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, maigida yana Libiya ko Legas, kuma sai ta jira izininsa ta waya? A nan ne mafi yawan jinyar ke mutuwa: a kuɗin mota.

Shi ya sa ra'ayinmu shi ne mu daina jiran furoje. In ya zo, madalla. Amma mun ga furoje nawa suka zo da allo da fenti suka tafi? Abin da ake buƙata na farko ba ya cin miliyan. A san su. Kowane maigari ya san gidajen garinsa, ungozomomi sun san haihuwar da ta zo da gardama, masu aikin sa-kai da ke yawo gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓi a damina suna ganin yaran da idonsu. A ba su littafi ɗaya su rubuta: ƙauye, shekaru, abin da ke damun yaro, ko yana lakwal ko makarantar allo, ko yana da takardar haihuwa. Littafin ya zauna wajen likitan CSI da ma'aikatar magajin gari, kada ya zama takardar rabon shinkafa, domin da an ji ƙamshin rabo lissafin ya lalace, kowa ya san halinmu.

Bayan nan a ware musu yini. Sau ɗaya a wata, a inuwar CSI ko a filin lakwal ranar da ba karatu, iyayen su haɗu da yaransu. Mu a ganinmu wannan shi ne ya fi komai, ko da ba a raba ko sabulu ɗaya ba. Matar da ta shekara shida tana tsammanin ita kaɗai Allah ya jarraba, ta zo ta tarar da mata goma irinta. Wadda ta gano cewa in ta zaunar da yaro a miƙe, ta yi kunun da ɗan kauri, ba ya shaƙewa, ta koya wa wadda ke ɗura wa nata a kwance yana tari har ciwon haƙarƙari ya kama shi. Wadda ta je Damagaram ta dawo ta faɗi ƙofar da ake shiga da ranar da ake ganin likita. Kafintan gari ya zo ya ga yadda ake ƙera ɗan kujera mai jingina ta gefe biyu, ko a kafa itace biyu a tsakar gida yaro ya riƙa dafawa yana koyon taku. Mai walda da ke gyaran amalanke ba zai kasa gyaran keken guragu ba. In kwamin ta iya ɗauke kuɗin man da zai kawo mai gashin ƙashi daga birni ko sau ɗaya a wata uku, to an yi nisa. Su kuma yaran su yi wasa da ƴan uwansu, su sha rake, su ga mutane. Wasu cikinsu ba su taɓa fita ƙofar gida don nishaɗi ba, fitarsu duk ta jinya ce.

Maganar kuɗin mota kuwa, ai dabarar tana hannunmu. Tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi aka fara shi a 1991, yau har ƙasashen waje sun kwaikwaya. Kusan kowace ƙungiya tana da ɗan asusun taimako ban da na bashi. Me zai hana a amince cewa tafiyar jinyar irin waɗannan yara na cikin abin da asusun ke ɗauka? Me zai hana ƴan fada, da ke haɗa kuɗin shayi da na ƙwallo, su ɗauki nauyin kai yaro ɗaya bakin hanya a babur duk ranar da likita ya sa masa? Masu lambun rake da rogo a fadamun Korama, da masu fitar da zakkar hatsi da kaka, su tuna gidan da uwar ba ta samu yin noma ba bana. Ƴan ci-rani da ke cikin zaurukan WhatsApp na gari, ku ma da ku muke.

Tun da mun ambaci waya, bari mu ɗan ratse. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar hoton yaro ba riga, a watsa a Facebook da lambar waya ana neman taimako, a yi hattara da ita. Niyyar wasu mai kyau ce. Amma yaron zai girma, hoton yana nan. A nemi izinin iyaye, a rufe masa jiki, kuma a faɗi abin da aka tara da inda ya tafi.

Sai lakwal. Mun san aji ɗaya na ɗaukar yara sittin ko fiye, wani a rumfar kara, mushe ɗaya. Ba za mu ce ya zama gwanin koyar da makafi dare ɗaya ba. Amma gurgu me ya hana shi karatu in ban da nisa da dariyar yara? Mai ƙarancin ji a zaunar da shi gaba, mushe ya riƙa fuskantarsa in yana magana. Mai farfaɗiya da ke shan magani ba dalilin da zai sa a ce ta zauna gida. Kwamitin COGES da na iyaye mata su sa wannan cikin aikinsu na shigar da yara a watan Oktoba. Kurame kuma suna da harshensu, maganar hannu, wadda manyan kurame ke yi da juna a kasuwanninmu kowa na gani. A nemo babba ɗaya ya riƙa zama da ƙananan da iyayensu. Abin kunya ne uba ya shekara goma da ɗansa ba su taɓa yin hira ba.

Mun san amsar da za a ba mu: malam, lafiyayyun ma da ƙyar muke ciyar da su. Gaskiya ne, ba mu raina wannan magana ba. Amma ku dubi inda rashin kulawar ke kai mu. A Maris 2022 sai da gwamnati ta aika jirage Dakar aka kwaso ɗaruruwan mata da yara masu bara, aka ce mafi yawansu daga Kance da Magarya suke. Duk mun ji kunyar wannan labari. Yaron da gari ya yanke masa hukuncin cewa ba zai iya komai ba, kwanon bara ake miƙa masa, wani lokaci ma shi ne jarin da ake tafiya da shi. Da ƙanensa ko ƙanwarsa da za a cire daga lakwal don yi masa ja-gora. Yara biyu ke nan gari ya yi asara. Alhali mun san makaho mahaddaci, mun san gurgu tela, mun san kurma magini da ba a samunsa sai an bi layi. Wani ne ya tsaya musu tun suna ƙanana.

Malamanmu da limamai, ku ke da lasifika ranar Juma'a. Kun fi mu sanin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, wanda ya yi ladanci, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar wa jagorancin salla a Madina in zai yi tafiya. Huɗuba ɗaya a kan cewa yaron nan ɗan Adam ne, ba ɗan ruwa ba, kuma ɗawainiyarsa na kan uba kafin kowa, za ta shiga inda takardar likita ba ta shiga. Mu maza kuma, ɗaukar yaro a kafaɗa zuwa CSI bai taɓa rage wa kowa girma ba.

Ga mai girma shugaban riƙo na kwamin ɗin Bande, da sarakunanmu, da likitocin CSI, roƙonmu ƙarami ne: kafin 3 ga Disamba mai zuwa a buɗe littafin nan ko da a ƙauyuka biyar ne, a sa ranar haɗuwar farko, a sanar a rediyo da masallatai. Iyayen da ke da irin waɗannan yara kuma, in kuna son a zo ƙauyenku, ku aiko mana da sunan ƙauyen kawai ta akwatin saƙon wannan shafi. Kada ku sa sunan yaro, kada ku turo hotonsa.